Yarinyar Da Nake Bari Wajen Zuwaira

Lahadi, 15 ga Satumba, 2024

Gobe za a koma makaranta, ni kuma hankalina bai kwanta da maganar Zuwaira ba.

Ni Tsafe nake koyarwa, Malam Bashar aikinsa a Bungudu. Kullum da safe mu fita bakin titi tare, shi ya hau tasa mota, ni in hau tawa, kowa ya ba wani baya. Ashiru ba matsala, a bayana yake tafiya, nono bai bari a raba mu ba. Saura yarinyar. Bara ƙanwar Malam ke kula da ita in an taso daga Islamiyya, to ta samu makaranta a Sakkwato ta tafi.

Sai ga Zuwaira, wadda muke bango ɗaya da ita, ta leƙo jiya, wai ta ji ina neman mai riƙe yarinya da rana, in bar mata. A bakin wa ta ji? Ni da Malam kaɗai muka yi maganar, a ɗaka, ƙofa a rufe. Malam ya ce bangon lokos ne, gidajen nan masu sauƙin kuɗi da gwamnati ta gina, ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu. To ashe kunnenta a jikin bangon yake wuni.

Na ce na gode. Ba ni da wata dabara.

Laraba, 18 ga Satumba

Mutum ya yi maka alheri tun kafin ka roƙa, ai dole ka tambayi kanka.

Unguwar nan da hantsi kamar an share ta. Duk mai albashi ya hau mota, wasu cikin Gusau, wasu Tsafe, wasu Bungudu, ba a bari sai tsofaffi da yara da awaki. Gidaje iri ɗaya, fenti iri ɗaya, har tsagewar bango wuri ɗaya take. Sauƙi kam akwai, ɗaki biyu da falo da 'yar tsakar gida, a cikin gari ko rabinsa ba za mu samu ba. Kuma yara sun samu filin gudu. Amma gwamnati ta gina ne ta zubo mutane daga ko'ina. A garinmu Furfuri in mace ta ce ki ba ta yarinya, kin san uwarta, kin san kakarta, kin san wanda ya taɓa taɓuwa a gidansu. Nan fa, lambar gida kawai na sani.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na dawo na tarar an yi wa yarinyar kitso. Wa ya sa ta? Na tambayi yarinyar ina gashin da ya zube, ta ce ba ta sani ba.

Kitson ya yi kyau, wannan ba zan yi ƙarya ba.

Talata, 24 ga Satumba

Sunan yarinyar a bakin Zuwaira kamar ita ta raɗa shi. Tun da asuba ta ƙwala shi ta kan katanga, da yamma ta ƙwala, har da ja masa wutsiya. Kowane kira sai na ji shi a tsakiyar kaina.

Ni ko a littafin nan hannuna ba ya iya rubuta shi. 'Yar fari ce. Haka aka tashe mu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a rungumarsa gaban mutane, ba a nuna ma an san da shi. Inna har yau ba ta taɓa furta sunan yayanmu ba, ga shi da furfura a gemu. “Kai” take ce masa, ko “wancan”. Matan lokos sun ce ƙauyanci ne, su da ke sumbatar 'ya'yansu a bakin famfo suna ɗaukar hoto. Su suka sani. Ni ina da kunya, kuma ba jiya na same ta ba.

Ina ce mata “ke”, tana amsawa. Ita kuma “Malama” take ce mini, yadda ta ji kowa na faɗa. Ba abin da ya ragu a jikin kowa.

Asabar, 28 ga Satumba

Na tari Maman Joy a layin famfo, ita da ta fi kowa daɗewa a unguwar nan, tun kafin a ja wuta. Na yi kamar hira ce ta kawo, na ce wai ita Zuwaira mutuniyar ina ce.

Ta ce ta ji an ce daga wajen 'Yankuzo. Gidan na ƙanenta Salisu ne, shi aka ba, aka ɗauke shi zuwa wata ƙaramar hukuma, ya zaunar da ita kada a ce gidan ba kowa a karɓe. Miji fa? Ya rasu, ko sun rabu, ba ta tabbatar ba. 'Ya'ya? Nan ta ɗaga kafaɗa.

“Malama, nan fa ba a tonon asali. Ni ma da an tona nawa da ba ki sha ruwan gidana ba.” Ta yi dariya, ni ma na yi, amma ba amsar da na zo nema ba ke nan.

Mace ta kusa hamsin, ba ɗa ba jika, ba mai zuwa wurinta. Ga yarinyar mutane ta samu a sama.

Laraba, 2 ga Oktoba

Hular yarinyar mai ruwan hoda ba ta cikin akwati. Na zazzage komai.

Asabar, 5 ga Oktoba

An yi suna a layin baya, gidan Malam Tajuddeen. Na je da yaran. Wata baƙuwa, dattijuwa daga dangin maijegon, ta ga yarinyar riƙe da gefen zanena ta ce, “Wagga ɗiyarki ce? Ga kama nan.”

Na ce, “Wa? Ni ban san ta ba. 'Yar mutane ce, a tasha muka tsince ta.”

Tsohuwar ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ashe akwai sauran masu kunya a birni, Allah ya yi mini albarka. Na ji daɗi, gaskiya. An daɗe ba a yaba mini a unguwar nan ba.

Zuwaira na gefe tana raba waina. Ita ba ta yi dariya ba, wani kallo ta yi mini. Me ya shafe ta?

Talata, 8 ga Oktoba

Yau an tashe mu da wuri, na iso gida kafin la'asar. Ban aika a kira yarinyar ba, na zauna a falo na yi shiru, in ji abin da ake yi mata in ba na nan.

Dariya. Ta cikin bango nake jin ta, tana ƙyalƙyalawa har tana shiƙewa. Ban san tana da irin wannan dariyar ba. A gidan nan yarinyar kamar baƙuwa take, ta ci abinci, ta koma lungu da 'yar tsanarta. Na kasa kunne in ji me ake ce mata, ba komai, wasan ɓuya suke yi, mace da girmanta tana neman yarinya a bayan randa.

Raina ya ɓaci sosai, kuma na rasa wa zan faɗa wa. Da na kira ta ta shigo, dariyar a ƙofa ta bar ta.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ta ƙi tuwona. Wai ta ƙoshi, ta ci fate a can. Kwana uku ke nan a jere.

Na ce wa Malam anya ba wani abu ake zuba mata a abinci ba. Ko a jikinsa. Ya ce abin da ake zubawa yakuwa ce da gyaɗa, shi ma in an ba shi zai ci. Namiji ke nan, in dai ya dawo daga Bungudu lafiya ya samu ruwan wanka, duniya ta zauna daidai.

Takalminta na Sallah ma babu. Ƙafa biyun duka.

Litinin, 14 ga Oktoba

Yarinyar ta shigo ta ce, “Inna ta ce in kawo kofina.”

Na ce wace Inna? Ta nuna bango.

Laraba, 16 ga Oktoba

An tsare hanya yau, aka ce a jira jami'an tsaro su wuce gaba tukuna. Muka yi cirko-cirko a bakin Tsafe, kowa na kallon daji yana kallon na kusa da shi. Wayata ba caji. Ashiru ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ni kuwa ba abin da ke raina sai ita. In wani abu ya same ni a hanyar nan, a hannun wa ta faɗa?

Ana kiran magariba muka sauka. Na tarar da ita goye a bayan Zuwaira a ƙofar gida, yarinya ta kusa shekara biyar, ƙafafu na reto. Zuwaira na tofa mata wani abu a ka ta kan kafaɗa. Ta ce addu'a ce, yarinyar ta tsorata da ta ga duhu ya fara ban dawo ba.

Na ce, “Ke, sauko.”

Ta ƙanƙame wuyan matar. A gaban maza masu tafiya masallaci, a gaban Maman Joy da ke kwashe shanya. Sai da Malam ya zo ya ɓamɓare ta tana ihu. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wannan ba haka kawai ba ne. Ba wanda zai gaya mini haka kawai ne.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na je Furfuri. Ana ta yankan gero, gidan duk ƙaiƙayi. Na zayyana wa Inna komai, kitso, fate, hula, takalmi.

Inna ta ce, “Bara'atu, ke ma da wauta. Wa ka ba baƙuwa ɗiya? Kayan jikinta anka ɗauka, mi kike jira? Ki kawo min ita nan in riƙe. Dama can ɗiyar fari ta kaka ce, ku 'yan boko kunka ɓata tsari.”

Na ce to. Mun tsayar da Asabar ta sama, in an biya albashi a yi mata 'yan kaya.

A mota ina ta gaya wa kaina na huta. Furfuri ba nisa, Malam ma kullum yana wucewa kusa. Sai dai da muka shigo unguwa na ga yara na ta gudu a filin makaranta. Na raba ta da Zuwaira, to ni kuma me na samu? Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba. An riga an gama magana.

Laraba, 23 ga Oktoba

Malam bai so ba. Ya ce shi da ya nemi gidan nan don yaransa su tashi a gabansa. Na ce to ya ajiye aiki ya zauna da ita. 

Rigarta mai fulawa ta bi sahu. Yanzu da ido nake ƙirga kayan shanya.

Asabar, 26 ga Oktoba



Da hantsi na ga Zuwaira ta tafi famfo da jarkoki, ta bar ƙofa a saye. Na shiga. Eh, na shiga, ba sallama. Gidan kamar nawa ne aka juya, ɗakin kwana inda nawa yake, sai dai nata ba komai, katifa da akwatin ƙarfe da sallaya. A bayan akwatin ga baƙar leda. Hula, takalmi, riga mai fulawa, kofi, har da ɗan zanen da na goye ta da shi tana jaririya, wanda ban ma san ya ɓata ba.

Ina riƙe da ledar ta shigo. Ban bari ta sauke jarka ba. Na faɗi abin da ke bakina, ban rage ba. Na ce wane malami ake kai wa, na ce in haihuwa take so ta roƙi Allah, ta bar na mutane. Wannan ta ƙarshen ita ce har yanzu ke yi mini zafi a harshe.

Ta ajiye ruwan a hankali. Ta ce, “Malama, zauna.” Ban zauna ba.

Ba zan iya kawo duk abin da ta ce ba, kaina ya ɗau zafi. Abin da na riƙe: ba ita ta ɗauko ba. Yarinyar ce ke kawowa, ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin hijabin Islamiyya. Hular ta fara kawowa don a ajiye mata, wai a nan take son ta. Bayan sunan gidan Malam Tajuddeen kuma sai ta zo da takalmi, ta ce, “Malama ta ce a tasha ta tsince ni. In na gama kawo kayana, sai in zauna nan ki zama innata.”

Na ce ƙarya ne. Na ce kowa ya san wasa ne, kowa ya san kunya ce.

“Kowa ya sani, ban da ita. Wa yag gaya mata?”

Na ce to me ya hana ki faɗa mini tun tuni.

Ta ce ta yi niyya, ni ce kullum fuska a ɗaure, ko gaisuwa a tsaye nake amsawa. Sai ta ce, “Kuma ba ni yi miki ƙarya, ban ƙi ba. Na daɗe ban ji an ce min Inna ba.”

Ashe tana da 'ya. Ɗaya tak, ta fari, daga ita Allah bai ƙara ba. Tana Funtuwa da aure, da 'ya'ya huɗu. Ta yi mata kunya yadda ake yi, ta ba yayarta riƙo tun daga yaye, ba ta taɓa kiran sunanta ba. “Lafiyarta lau. Da Sallah takan bugo waya. Ina wuni, ina gajiya, a gaida mutanen gida. Kamar mai gaida matar maƙwabci. Ba ta yi min laifi ba, abin da ta sani ke nan.”

Na ɗauki ledar na fito. 

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ko ta shirya labarin ne don in bar mata yarinyar? Mai son abu ba abin da ba zai faɗa ba. Wa ya taɓa ganin 'yar Funtuwan?

Amma zanen goyon a ƙasan akwatina yake, Zuwaira ba ta taɓa shiga ɗakina ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Jiya da yau da yarinyar na tafi Tsafe, na zaunar da ita a bayan aji. A mota an matse mu, ita a cinya, Ashiru a ƙirji, wani mai buhun barkono yana ta tsaki. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa ba. Wannan shirun ya fi kukan ciwo.

Da yamma ina yi mata wanka, Malam ya tafi masallaci, ba kowa. Ina cuɗa mata baya, don ban iya kallon fuskarta ba, na ce, “Ke, ba a tasha ba ne. A asibiti ne, cikin Gusau, ranar ana ruwan sama.”

Ta ce, “Wa ya gaya miki?”

Na ce, “Ina wurin.”

Ta juyo ta dube ni, sabulu a kunne. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da nake yi wa mai awo in ya ce mudunsa cike yake. Sai ta ce ruwan ya yi sanyi.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ba za a iya wannan jigilar ba, hanyar ba ta yara biyu ba ce. Na mayar da ita wajen Zuwaira, na kwana biyun da suka rage kawai. Na tsaya a ƙofa na ce, “Yaya Zuwaira, ga ta nan.” Ta ce, “To, Malama, a dawo lafiya.” Ba wanda ya tada maganar Asabar ɗin da ta wuce. Na lura dai ba ta ƙwala sunan ta kan katanga yanzu. Ko dabara ce sabuwa, oho.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ba mu je Furfuri ba. Na buga wa Inna na ce telan bai gama kayan ba, kuma Islamiyya suna tsakiyar zango. Ta ce, “Uhm.” Inna ba ta da wauta.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Har yanzu ban gama yarda da matar nan ba. Zan ci gaba da sa ido.

Motarmu da ta su Malam kusan tare suka sauke mu yau. Bakin titi cike, kowa ya dawo, ga masu ƙosai, ga Maman Joy da mijinta, ga dattawan layinmu a kan benci. Yara suka kwaso da gudu kamar kullum, kowa na neman nasa. Ita yarinyar tana can tsaye wajen turken wuta, inda takan tsaya ta jira mu wuce ta biyo baya.

Wani ɗan kabu-kabu ya shigo kwanar da gudu, shi ya sa. Ba don haka ba da ban yi ba. Baki ne ya kuɓuce, na ce, “Ma'u!”

Ta waiwaya, amma wajen gidan Zuwaira ta duba. Ta tsaya tana neman mai kiran a can.

Malam ya kalle ni, na yi kamar ina gyara goyo. Babur ɗin ya riga ya yi nisa lokacin da na sake kira.